Buhunan Citta a Saman Gadon Mama Hulda

A darensu na uku a sabon gida Malam Gershon ya ji sautin. Ba motsin ɓera ba ne, ba kuma iska ce ke wasa da kwano ba. Wani nishi ne mai tsawo, ƙiii, sai ya yi shiru, kamar tsoho mai ciwon baya yana neman yadda zai juya. Ya shiga ɗakin mahaifiyarsa da fitilar waya, ya tarar da Mama Hulda tana barcinta, baki a ɗan buɗe. Nishin daga sama yake zuwa, daidai saitin gadonta.

Gershon malamin firamare ne. An yi masa canjin wurin aiki daga Zangon Kataf zuwa Kafanchan, ya taho da tsohuwar domin ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Sati uku ya yi yana yawon neman haya. A unguwar Takau aka ce masa ɗaki biyu da falo dubu ɗari uku da hamsin, ya yi godiya ya hau acaba. A bayan gari ya ga na rabin haka, amma ruwa sai an gangara rafi, asibiti kuma da nisa. Can sai ga wannan, a cikin Takau ɗin, har da rijiya a tsakar gida, mai gidan Oga Celestine ya ce dubu ɗari da tamanin. Sharaɗinsa ɗaya: ƙofar silin da ke baranda tana da kwaɗo, makullin kuma yana wurinsa. Gershon ya biya shekara kafin mutumin ya sake shawara, ran Lahadi har ya ba da shaida a majami'a.

Gidan yana da nasa halin. Duk wanda ya shigo sai ya yi atishawa sau biyu kafin ya gaisa. Mama Hulda, wadda ta shekara da mura, hancinta ya buɗe sarai, kuma kullum da safe sai ta ce ta yi mafarkin gonar marigayi mijinta, ana tonon citta. A kan matashinta akwai wani gari rawaya-rawaya, kamar an barbaɗa.

Da gari ya waye Gershon ya ɗaga kai, ya ga silin ya yi ciki. Ya hau kujera ya manna zare a tsakiyar cikin, ya ɗaura maɓalli a ƙarshensa. Ran Litinin yatsu huɗu ne tsakanin maɓallin da saman gidan sauro. Ran Laraba maɓallin ya kwanta a kai.

Maƙwabciyarsu Maman Justin tana wanki a bakin rijiya, ya tambaye ta ko ta san abin da ke cikin silin.

"Ayya, Malam, ba su gaya maka ba? Citta ne! Buhu arba'in da wani abu. Tun da ɓarayi suka fasa wa Oga Celestine shago a kasuwa, nan yake ɓoyewa. Kai ne mai gadi yanzu, kai ne kuma kake biya." Ta yi dariya har da buga cinya, da ta ga fuskarsa sai ta daina. "Ka ɗauke Mama daga wurin, don Allah."

Ya goya ta ya kai falo. Yana kwantar da ita kan doguwar kujera ya ga nan ma silin ya fara ciki, nasa ɗakin ma haka. Babu inda zai ajiye ta da babu buhu a samanta.

Da aka tashi makaranta ya je wurin Oga Celestine. Ya same shi yana cin gasasshiyar masara.

"Oga, silin zai faɗo wa uwata."

"Allah ya kiyaye! Wannan bakin naka, Malam. Katakon maɗaci ne, babana ya kafa shi. Ka yi haƙuri zuwa Afrilu, farashi ya tashi in kwashe."

"To, a mayar mini da kuɗina in nemi wani wuri."

"Kuɗinka?" Oga Celestine ya nuna sama da totuwar masara. "Da shi na sayi buhunan ƙarshe ai. Kuma ina za ka samu haka a Takau? Mutum uku ke jiran ɗakin nan."

Gershon ya dawo yana lissafin rafi da nisan asibiti, bai ga mafita ba. Washegari ya sayo gumagumai uku a wurin masu katako, ya sa kafinta ya tokare silin, ɗaya a kowane ɗaki. Mama Hulda ta koma gadonta. Ta rataya ɗankwalinta na zumuntar mata a jikin gungumen, ta ce yanzu ta sami abin dafawa in za ta zauna. Kwana biyu ba a ji nishin ba. Gershon ya yi barci har da munshari.

Ran Asabar da yamma wata motar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, an lafta mata buhuna har sama. Oga Celestine ya shigo da tsani a kafaɗa, makulli a hannu. Ya leƙa ta taga, ya ga gungumen, fuskarsa ta washe.

"Yauwa, Malam! Ubangiji ya sa maka albarka. Yanzu ma ya fi ƙarfi."

Ya jingina tsanin a baranda. Gershon na tsaye a bakin ƙofa da alli a aljihu. Daga ciki Mama Hulda ta yi atishawa, sau biyu. Maman Justin ta ajiye guga, ta dubi motar, ta dubi tagar tsohuwar.

"Oga Celestine, waɗannan kuma saman wa za su hau?"

Oga Celestine yana ta fama da kwaɗon, ya ƙi buɗuwa, ya tsaya yana hura masa iska.