Wasu Bayin Allah

Dakta Hansatu ba ta yi wa kowa ƙarya ba, ko dai haka take gaya wa kanta tun da ta baro gidanta a Beltsville. Bincike take yi a jami'a kan mutanenmu da caca ta kama bayan an buɗe gidajen caca a jihar Maryland ta Amurka. To, wane Bahaushe ne zai zauna gaban mace ya ce yana caca? Sai da Malam Ubale, dattijon direbobin tasi na Takoma Park, ya fara tona nasa cikin, sannan ya riƙa jawo mata sauran.

Tun zaman farko ya tambaye ta wa ke ɗaukar nauyin aikin. Gidauniya ce da masu gidajen cacar suka kafa. Shugaban sashensu, Farfesa Gregory, ya ce ba komai, kowa can yake karɓa. Amma a Hausa maganar ta yi mata nauyi, sai ta ce wa Malam Ubale, "Wasu bayin Allah ne." Haka ake kiran wanda ya gina masallaci ya ɓoye sunansa, kuma ta sani sarai.

Yanzu rahoton zai fito ɗauke da sunan gidauniyar, gidan rediyo ma na son hira da ita. Gara Malam Ubale ya ji daga bakinta. Ta same shi bayan Juma'a cikin motarsa, suka gaisa, ta faɗa masa ba kwana-kwana.

Ya ɗago kai daga sitiyari.

"Masu gidajen cacar da kansu?"

"Su ne, Baba. Amma wallahi ba su ji muryar kowa ba, ba sunan kowa."

"Ba suna nake ji ba, Hansatu. Duk zaman da muka yi, da addu'a nake rufewa. Allah Ya ƙara wa bayin nan nasa buɗi, Ya ninka musu. Munzali direba, ran da matarsa ta kwashe yara ta tafi saboda caca, yana kuka ya ce amin."

Kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa idonta. Da ma faɗa ya yi mata, da ya fi mata sauƙi. Ta ce za ta mayar da tallafin, ta ce za ta tsaya gaban direbobin ta yi bayani da kanta, ta riƙa jero maganganu kamar mai neman ciniki a kasuwar da ta riga ta watse.

Ya girgiza kai.

"Ba ke suka yarda da ke ba. Ni na dafa ƙirji na ce ta gida ce. Ni zan je in faɗa musu."

"Baba, bari in bi ka."

Ya miƙa hannu ya buɗe mata ƙofa.

"Sauka, Dakta. Ban san ko ni ma za su saurare ni ba."