Koren Ruwan Oga Hyginus

"Ba inda zan je, Maman Pwajok. Sai ƙwai ya fashe tukuna."

Magadaliya ta tsaya a ƙofar falon riƙe da ƙugu tana kallon maƙwabcin nata. Oga Hyginus na zaune a kujera, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga, numfashi na fita da ƙyar. A waje mai keke napep ɗin da ta tsayar don kai shi asibiti yana ta danna oda.

"Wane ƙwai? Kai za ka kwanta a kai?"

Ya ɗaga hannu ya nuna akwatin gilashin da ya cinye rabin falon. Ita kam ko kallonsa ba ta son yi. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana yankan gilashi a kasuwar Terminus, matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse Legas, maimakon ya nemi abin yi irin na dattawa sai ya ɗauko wa kansa kiwon kifin teku. A Jos, garin da ko ƙanshin teku ba ya zuwa. Gishirinsu ma daga Legas ake ɗoro masa a mota. Ya kafa sola a kan rufi don ruwansu ya zauna da ɗumi, shi kuwa yana kwana cikin rigar sanyi. Kuma kifin nan ko miya ɗaya ba za su yi ba. Akwai wasu masu faɗi, rawaya da shuɗi, da yake kira tang, waɗanda saboda su yake zuwa rumfarta a Farin Gada ya tsaya yana zaɓen latas kamar mai zaɓen amarya. Sai wasu ƙanana biyu ruwan lemo masu farar ɗamara, mace da namiji, su ne suka manna ƙwai a jikin wani fasasshen kasko.

"Sun sha yi, yana lalacewa," in ji shi. "Wannan karon ya kama. Ka zo ka gani."

Shekara da shekaru a Titin Bauchi, har yau "ka" yake ce mata. Ta yi tsaki.

"Oga Hyginus, ka tashi. In ka mutu a kujerar nan, wallahi kunya za ka ba 'ya'yanka. A ce me ya kashe shi? Gadin ƙwan kifi?"

"To wa zai duba su?"

Oda ta sake ƙara. Don dai ta raba shi da kujerar ta ce, "Ni zan duba."

Ashe ta jawo wa kanta. Ya sa ta tsaya sai da ta ji karatun duka. Ranar da ƙwan ya yi fari yana walƙiya, da duhu ya shiga zai fashe. Ta kashe famfon akwatin, ta haska tocila a kusurwa, 'ya'yan za su taru gun hasken, ta kwashe su da kofi zuwa baho. Sannan ya nuna taga, inda ya jera robobin ruwa cike da wani abu kore shar, irin na kwatar da ta kwana biyu.

"Abincinsu yana ciki. Ƙananan ƙwari ne, ido ba ya gani. Bakinsu ba zai iya cin komai ba sai shi. In babu wannan, babu su. Ka yi alkawari."

"Na yi. Tashi."

A asibiti aka ce zuciya ce, kuma an makara. Ta kai masa kunu washegari ta tarar an sa masa robar numfashi a hanci. Tana jiran ya tambayi ko 'ya'yansa sun kira, sai ya ce, "Ya fara fari?"

"Ya fara."

"Ka ba tang latas?"

"Na ba su. Har sun fi ka cin abinci."

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Ta fito tana mita a ranta, dattijo guda a gadon asibiti ba shi da zance sai na kifi. Da gari ya waye ɗanta Pwajok, da ya kwana wajensa, ya kira ta ya ce Oga Hyginus ya tafi. Ta zauna a bakin gado ta yi kuka, tana kukan tana jin haushinsa.

Kafin azahar ƙanensa Nwabueze ya iso daga Bukuru da babbar mota da babbar murya. Rabonsa da gidan tun jana'izar matar wansa, amma yanzu shi ne mai ba da umarni, a kafa rumfa nan, a jera kujeru can. Ya karɓi makulli a hannunta. Washegari da safe motar kabejinta ta iso Farin Gada, kuma kabeji ba ya jiran makoki, dole ta tafi. A ƙofa ta ce masa kada a taɓa komai na kifin, ya ɗaga mata hannu yana waya.

Da la'asar ta dawo ta tarar da matan zumuntar coci sun cika gidan. Haka ake yi, in an yi rasuwa su zo su share, su wanke, su dafa wa masu gaisuwa. Matan da ko sau ɗaya ba su taɓa leƙo shi da rai ba, yau ga su da tsintsiya da omo suna waƙa. Falon sai ƙanshin sabulu. Ta kai ido taga, ta ga wayam.

"Atine, ina robobin da ke nan?"

Atine, shugabar zumunta, ta miƙe tana share hannu a zane, fuskarta cike da jin daɗin aikinta.

"Ke dai bari, Maman Pwajok. Namiji ba mace a gida, abin tausayi. Ruwa ya ruɓe a roba har ya yi kore, shi bai sani ba. Baƙi su zo su ga wannan ƙazanta? Mun zubar a kwata, mun wanke su tas da ruwan zafi."

"Duka?"

"Duka mana. Ga su can sun yi amfani."

Suna cikin babbar kula a bakin rumfa, jere cikin ƙanƙara, an cika su da zoɓo. Wani dattijo ya ɗaga ɗaya yana sha yana yabon citta.

Magadaliya ta buɗe baki za ta zazzaga mata, sai ta fasa. Ƙazanta, ai kalmar da ita ma take faɗa ke nan duk lokacin da ta wuce tagar. Ta je wajen Nwabueze ta tambaye shi ko ya san inda wansa yake samo abin. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Madam, gawa nake shirin kaiwa gida, kina min maganar abincin kifi? Akwatin kifin ma wani mai otal zai zo ya ɗauka."

Ta duba kwatar bayan gida. Ruwan saman Agusta ya riga ya wanke ta.

Da magariba, ana tsakiyar waƙoƙi a rumfa, ta shiga falon ita kaɗai ta tarar ƙwan yana walƙiya kamar an barbaɗa ƙyalli. Ta ce a ranta, marasa hankali, ba su ga ranar fitowa ba sai yau. Amma ta kashe famfon, ta haska tocila, kuma suka zo ɗin kamar yadda ya faɗa, ƙanana ƙwarai, ba abin da ake gani sai idanu. Ta yi ta kwasa da kofi har bayanta ya riƙe, ta ɗauki bahon ta kai ɗakinta.

Ta dafa ƙwan kaza ta murza gwaiduwa ta zuba musu. Ruwan ya yi dishi-dishi, ba wanda ya kula. Ta daka latas ta tace, ta gwada garin busasshen kifi. Suna ta zagayawa cikin abinci suna neman abinci. Ta zage su, ta zagi Atine, ta zagi mai su da ya tafi ya bar ta da wannan wahala. Kowace safiya sai ta tarar da wasu sun kwanta a gindin bahon kamar dusa. Abin ya ci mata rai fiye da yadda za ta iya gaya wa kowa, don abu ɗaya tak mutumin nan ya roƙe ta.

Ranar da za a tafi da gawa garinsu, an yi sanyi da yayyafi. Fadan coci ya yi addu'a, Nwabueze ya karɓi lasifika ya ce ɗan'uwansa mutum ne mai son halittun Allah, jama'a suka ce amin. Atine ta leƙo ɗakin Magadaliya.

"Ara mana bahon nan, kwanuka sun taru. Ba ki fitowa ki yi masa sallama?"

"Ki nemi wani."

"Ruwa ne fa kawai a ciki."

"Na ce ki nemi wani."

Atine ta taɓe baki ta fita. Magadaliya ta sunkuya ta duba da kyau. Saura 'yan kaɗan suna motsi, a hankali, can gefe. Ta tsoma yatsa ta ji ruwan ya yi sanyi. Sai ta ɗauki bahon ta ɗora a cinya, ta ja gefen zanenta ta lulluɓe shi, ta rungume da hannu biyu. A waje motar gawa ta kunna jiniya ta hau titi, ƙarar tana raguwa har ta ɓace, ita kuwa tana zaune ba ta motsa ba, don kada ruwan ya girgiza.