Wayar Da Ba Ta Zuwa Ko'ina

Gumi ne ya dami Rigo Valadez, ya zare abin sauraren da ke kunnensa ya ajiye, ya ci gaba da murza faifai da hannun dama, ana gwajin sauti kafin wasa. Sai ya ji shiru. Filin baje kolin gona dai bai yi shiru ba, shanu na kuka a rumfunansu, lilon yara na juyawa da kiɗansa, mai gasa masara na ta kiran mutane. Manyan lasifikan da ke gefen dandamali ne suka yi tsit. Allura na kan faifai, hannunsa na kai da komo, amma ko ƙus.

"Pakou," ya ɗaga murya, "ba na jin kaina."

Pakou Vang, mai kula wa ƙungiyar kiɗansu da sauti, tana can tsakiyar fili ƙarƙashin laima. Ta amsa ta makirufo ba tare da ta ɗago ba. "Mayar da abin kunnenka, za ka ji."

"Na san zan ji a kunne. A waje nake nufi."

Ta duƙufa kan maɓallanta kamar an ce mata akwai wanda ya ɓata. Rigo ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya kama wayar da ta fito daga teburinsa ya bi ta da hannu. Ta shiga wani ƙaramin akwati a ƙarƙashin teburin, akwatin da ke aika sauti zuwa kunnensa. Iyakarta ke nan. Ya sauka daga dandamali ya ratsa kujerun da ba kowa, rana na dukan ƙeyarsa.

"Tun yaushe?"

"Ni haka na tarar, Rigo. Da na kama aiki aka ce mini naka yana fitowa daga kwamfuta."

"Nawa wanne?"

"Na faifan farko. Ai kai ne, ba wani ba." Ta ɗago a karo na farko, tausayi a fuskarta, wanda ya fi zagi ciwo. "Na zaci ka sani."

Shi da Curtis Pruitt suka kafa ƙungiyar Tule Rot suna 'yan samari, a cikin rumfar shanya inabi ta kawun Curtis a bayan garin Fresno. A can suka ɗauki faifan farko. Sun sassauta tsirkiyoyin jita har suna karkaɗawa kamar igiyar shanya, Curtis yana jero baituka da sauri yana katse su da ihu, Rigo kuwa yana karce faifai a kowace waƙa, da gwaninta da rashinta. Lokacin ne aka fara kiran irin wannan hayaniya nu metal, kuma duk yaron da ke fushi da ubansa a yankin nan ya haddace faifan. Na biyu shi ya kai su talabijin, da wanduna masu faɗin buhu da gashi ja. A na uku aka kawo wani gwani daga Los Angeles, ya saurari Rigo na ɗan lokaci ya ce zamanin wannan ya wuce. Curtis ya je ya koyi rera waƙa da taushi, aka sa fiyano da goge, aka fitar da waƙar da har yau ake sawa a wajen ɗaurin aure da ɗakin jiran likitan haƙori. A na huɗu suka koma kiɗan inji, aikin Rigo ya zama danna maɓalli ɗaya yana gyaɗa kai. Na biyar ba a son tuna shi, domin a cikinsa ne mutane biyar 'yan birni suka sa hular kaboyi suka yi waƙar kewar gona. Da suka ga kowa ya watse, sai suka fitar da na shida suka ce sun dawo gida.

Duk tsawon wannan yawo Rigo bai ajiye faifansa ba. Kullum yana gareji yana koyon sabuwar murza, har matarsa ta sayi auduga don kunne. Ko a wannan bazarar ya ɓata watanni yana gyara ɗan wurin da ake bar masa shi kaɗai a tsohuwar waƙarsu ta rumfar inabi. Ashe wa kunnensa yake yi.

Ya tarar da Curtis a cikin motar ƙungiya, ya lulluɓe kai da tawul a kan kwanon ruwan zafi yana turara maƙogwaro. Mutumin da ya taɓa yin ihu har ya tofar da jini, yanzu ba ya shan ruwan sanyi.

"Fito daga tawul ɗin nan."

"Saura kaɗan, mutumina."

"Curtis, wayata ba ta zuwa ko'ina."

Tawul ya tsaya cak. Can Curtis ya yaye shi, fuskarsa ja jawur, ya miƙa hannu ya ɗauki shayin citta da zuma. "Wa ya gaya maka?"

"Kunnena ya gaya mini. Tun yaushe?"

"Tun da muka fara zagayen faifai na shida. Zauna mana, ka tsaya mini a kai kamar mai karɓar haraji."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya. Ka duba, mutum ya taso tun daga Modesto, ya kwaso 'ya'yansa da ciwon bayansa. Me ya zo ji? Abin da ya ji a ɗakinsa yana ɗan sha bakwai. Kai kuma kullum sai ka canza. Yau ka yi haka, gobe ka yi haka, su ɗauka a waya su je suna rubuta cewa DJ, mai murza faifai, ya ɓata waƙa."

Rigo ya nuna ƙirjinsa da yatsa. "Ni nake canzawa? Ni? Wa ya kawo fiyano? Wa ya sa mini hular kaboyi a kai ya ce in yi kallon nesa?"

"Wannan ai fasaha ce, dole mai fasaha ya girma."

"Ni kuma in na girma na ɓata waƙa."

"Ka ƙware, Rigo, matsalar ke nan. Na da ya fi daɗi don ba ka iya ba. Akwai wurin da hannunka ya zame a waƙar rumfa, ka tuna? Mutane suna jiran zamewar nan. Wani har zana ta ya yi a damtsensa, ban san yadda aka yi ba. Kai kuma ka je ka gyara ta."

"Kuskure ne."

"Kuskuren da ya fi duk faifanmu na biyar masoya."

Abin haushi, Curtis bai faɗi wannan da mugunta ba. Yana magana yana hura shayi, kamar mai bayanin hanyar zuwa Stockton. Rigo ya ji kunya ta rufe shi, ta shekarun da ya yi yana zufa a gaban jama'a, yana cije leɓe, yana murna in ya ji wata murza ta fito masa daidai.

"Yau kaɗai," ya ce, muryarsa ta sauka. "A haɗa wayar. Ka ji abin da na shirya, in bai yi ba ka cire."

"Ba zai yiwu ba. Fitilu, hayaƙi, ganguna, komai a ɗaure yake da kwamfutar. Ka makara da ƙiftawar ido, hayaƙi ya tashi a banza." Ya mayar da tawul kansa. Daga ciki ya ƙara da cewa, "Amma fa kana da kyau a wurin. Ba wanda ke murza faifai da fuska irin taka."

Bayan la'asar aka kira su, da aka gama tseren aladu. Fili ya cika da masu furfura a gemu cikin baƙaƙen riguna da suka matse musu ciki, wasu da yara a wuya an toshe musu kunne. Aka fara da waƙoƙin faifai na biyu, aka tsoma ta fiyano a tsakiya, ma'aurata suka rungumi juna, sauran suka tafi sayen lemo. Rigo yana bayan teburinsa, hannunsa na aiki don ya saba, zuciyarsa na tafasa. Ya riga ya yanke abin da zai yi. In dai sun mai da shi gunki, to kowa ya gani, Curtis ya sha kunyar a gaban mutanen garinsu.

Waƙar rumfa ita ce ta ƙarshe. Jita ta yi gurnaninta, ganguna suka tsaya, Curtis ya juya ya nuna shi da yatsa kamar kullum, fitila ta sauka a kansa. Rigo ya ɗaga hannuwansa biyu sama don kowa ya shaida, ya ja baya daga teburin, ya harɗe su a ƙirji.

Karcen faifai ya ɓarke daga lasifika, na wani yaro mai gaggawa a rumfar inabi, har da zamewar hannun. Rigo ya tsaya ƙiƙam yana kallon jama'a, yana jiran ihun tsiya da ruwan gwangwanaye.

Sai wani ƙato a sahun gaba ya harɗe nasa hannuwan ya ɗaure fuska, na kusa da shi ya kwaikwaya, dariya ta bi fili, sannan sowa ta tashi har shanu suka amsa. Wayoyi suka yi sama. Suna kiran sunansa, Rigo, Rigo, suna buga ƙafa a ƙasa. Ya ƙara ɗaure fuska don su gane ba wasa yake ba, su kuwa suka ƙara haukacewa.

A bayan dandamali Curtis ya rungume shi da jiƙaƙƙiyar riga. "Shege, ashe da abin da ka ɓoye mana. Wannan za ka yi a Stockton, da ko'ina ma."

"Curtis, tona maka asiri na yi."

"To ka ci gaba da tonawa. Kuma ka ga, tunda haka ne ba sai mun riƙa jigilar teburin nan ba, dama ya cika mana mota. Ka fito kawai ka tsaya."

"In tsaya kawai."

"Ba ka ji yadda suke son ka ba?"

Ya ji. Abin da ya fi ci masa rai ke nan, Curtis bai yi ƙarya ba. Tun da Rigo ya fara hawa dandamali ba a taɓa yi masa tafi irin na yau ba.