Mai Sayen da Bai Kushe Ba

Ni na jawo wa kaina da bakina. A gidan suna a Bawku, ana cikin rabon waina, wata ta tambaye ni me nake yi a Salaga ban da shagon fotokofi. Na ce ina sayar da sunaye. Kafin azahar maganar ta kai kunnen Kawu Aruna, wan mahaifiyata, wanda ya shekara arba'in yana dillancin shanu a kasuwar Bawku. Ya aika a kira ni gindin mangwaron ƙofar gida.

"Mudassira, sunan wa kika sayar? Namu?"

Na yi dariya har da tari, shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Na durƙusa na yi masa bayani. Duk mai son buɗe shafi a intanet sai ya sami adireshi, kuma wanda ya riga yin rajistar adireshin shi ne mai shi. Ni na yi rajistar uku: doyarsalaga.com, albasarbawku.com da batakarinyendi.com. Kowace shekara ina sabunta su, ina jiran ranar da mai sana'ar zai zo nema. Na ƙarshen nan, na rigar saƙin da ake ɗinkawa a Yendi, shi ne ɗan lelena, shekara uku ke nan ina riƙe da shi.

"Ashe kiwo kike yi," ya ce. "Sai dai naki ba ya cin dusa."

Da na tsaya nan da na tsira da mutuncina. Amma alfahari ya ɗebe ni, na ciro waya na ce ai ɗan lelen ma ya sami mai saye. Wani Mista Kolins ne ya rubuto daga Turai, wai kamfaninsa na sayar da tufafin Afirka.

"Nawa ya taya?"

"Bai taya ba, Kawu. Na ce dala dubu biyar, ya ce ya saya."

"Ya kushe?"

"Wane kushe! Ya ce bai taɓa ganin suna mai kyau kamarsa ba."

Kawu ya ajiye goron da ke hannunsa. "Wanda ya zo sayen sa a wurina, sai ya ce ƙafar baya na ɗingishi. Ya buɗe masa baki ya ce ya tsufa. Ya taya rabin kuɗi, in ce albarka, ya juya kamar zai tafi, ya dawo. In mutum ya tsaya yana ta yaba min sa, ni dai a ranar nakan ƙara wa garke tsaro."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Tsohon da ko saƙo ba ya iya buɗewa a waya, shi zai koya min intanet? Ga shi a zuciyata na riga na sayi sabon inji, na sake fentin shago, har na zaɓi launin. Na ce masa Turawa ba sa ciniki irin namu.

"To gwada shi. Ce masa albarka. Ki ce dubu goma sha biyu."

Na rubuta, ina ganin na kori arzikina saboda kunyar tsoho. Ko farantin wainata ban cinye ba amsa ta iso. Mista Kolins ya ce ya amince da dubu goma sha biyu, kuma ya gode da gaskiyata.

Nan na fara shakka. Shagona ƙarami ne, amma na san ko takarda ɗaya na ƙara wa kuɗi sai ɗalibai sun yi min ihu.

A ƙasan wasiƙar ya maimaita sharuɗɗansa biyu, waɗanda na ƙi karanta wa Kawu da farko. In biya wani shafi da shi ya zaɓa dala ɗari da hamsin, su ba ni takardar ƙimar sunan. Sannan in tura masa lambar sirrin sunan kafin magariba, wai lauyansa zai duba.

"Mece ce lambar nan?"

"Duk wanda ya riƙe ta, zai iya mayar da sunan hannunsa."

"Igiya ke nan," in ji Kawu. "Mutum bai taya ba, bai biya ba, ya ce ki miƙa masa igiyar sa ya kai wa lauya ya duba. Kuma ke za ki biya abokinsa ya faɗa miki abin da kayanki ya kai."

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun a Salaga. Na binciki shafin masu ƙimar, na tarar sati uku kacal da yi masa rajista. Na ƙura wa adireshin Mista Kolins ido, na ga harafi ɗaya ya bambanta da sunan kamfanin da yake iƙirari. Na rubuta masa cewa mu bi ta kamfanin da ke tsayawa tsakani, ya riƙe kuɗin da sunan har kowa ya karɓi nasa, takardar ƙima kuwa mai sonta ya biya. Mutumin da ke amsawa kafin waina ta huce, har yau ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Abu ɗaya ne ban faɗa wa Kawu ba. Tun a mota, a hanyar zuwa Bawku, na kwafi lambar na saka a wasiƙa na danna. Rashin sabis bayan mun wuce Walewale ne ya hana ta tafiya, tana nan maƙale a wayar, tana jiran in sake dannawa. Na zagaya bayan gida na goge ta, na kulle sunan, na jingina da bango ina godiya ga Allah.

Bayan sati biyu ina shagona a Salaga, saƙon murya ya shigo daga lambar da ban sani ba, muryar mace da Hausar da ba ta raba mace da namiji.

"Sista, ni ne Hajiya Atikatu, Yendi. Ina da masu ɗinka batakari goma sha ɗaya. An ce kai ne ka riƙe sunan nan. Sunan ya yi dogo, wa zai iya rubuta shi? Ni ma ba na so sosai. Zan ba ka sidi dubu ɗaya da ɗari biyar, las, ba ƙari."

Na saurara sau uku. Na taka rawa tsakanin inji da tebur, har malamin da ya kawo takardun jarrabawa ya ja da baya. Na kira Bawku.

"Kawu, an kushe! An ce ya yi tsawo, an taya shi a wulaƙance!"

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Wannan kam mai saye ce. To me kike jira?"

Na gyara murya na ɗaure fuska, duk da ba ta ganina, na danna wayar.

"Hajiya, barka da rana. Albarka."