Kalmar da Ba Su Sani Ba

A Simeulue, tsibirin su Jasman, da waƙar smong ake lallashin jarirai. In ƙasa ta girgiza, teku ya ja da baya, bar komai ka hau tudu. Smong shi ne ruwan da ke dawowa.

Amma a garin Meulaboh, nesa da tsibirin, abin ya same shi, inda yake kamun kifi da abokinsa Marzuki. Ƙasa ta girgiza, teku ya janye. Kifaye na ta birgima a yashi, mutane na rige-rigen tsinta.

"Smong!" Jasman ya kurma ihu. "Smong!"

"Ɗan tsibiri, yau kuma wane yare ne?" Marzuki ya ce yana dariya, kwando a hannu. "Zo ka kwashi rabonka, matsoraci!"

Jasman ya sheƙa. Sai a kan tudu ya tuna babu wanda ya san kalmar a garin nan.

Ruwan ya dawo, ya share garin. Ko gawar Marzuki ba a gani ba.

Yanzu a sansanin waɗanda suka tsira, cikin rumfar tamfol ta Mak Rohani, mahaifiyar Marzuki, yake cin abinci. Shinkafa da gishiri. Ba mai taɓa kifi, kowa ya san abin da kifin ya ci. Ba ta da kowa sai jikarta Intan, 'yar Marzuki, sai kuma shi da take kira ɗana.

"Ci mana, ɗana. Ka koma kamar sillen kara." Ta ƙara masa. "Mai gahawa ya ce ya ji kana ihu ranar. Me kake cewa?"

Da ya ce salati yake yi, da ta yarda. Ya dubi kwanon.

"Smong, Mak."

"Mene ne shi?"

Ya gaya mata, har da waƙar.

"Wato ka san zai dawo."

"Na sani."

"Ba ka iya cewa a gudu da yarenmu ba?"

"Na iya."

Ludayin ya tsaya a hannunta. Intan ta farka tana kuka, tsohuwar ba ta motsa ba. Can ta ɗauko ta, ta ajiye masa a cinya, ta kau da kai ta fuskanci tamfol.

"Rera mata," ta ce. "Ta tashi da sanin waƙar."

Ba ta ce ɗana ba.

Ya fara rerawa. Shinkafar ta huce a gabansa.