Hannun Tela a Kwamin Baftisma

Mijina tela ne, amma ranar Lahadi shi ke hawa mumbari. Shekara goma sha tara yana wa'azi a 'yar majami'armu, shi ke duba marasa lafiya, shi ke sasanta masu faɗa. Abu biyu kawai dokar ikilisiya ta hana shi: baftisma da Jibin Ubangiji, wato raba gurasa da ƙoƙo na tunawa da Almasihu. Waɗannan sai fasto wanda aka ɗora wa hannu aka naɗa, shi kuwa sai bayan wata uku muke ganin ƙeyarsa.

To, ga Inna, mahaifiyata, mai taurin kan tsiya. Shekara takwas mijina yana karanta mata Littafi Mai Tsarki a gefen keken ɗinki, tana gyangyaɗi. Kwatsam rannan ta ce a yi mata baftisma. Har rawa na taka! Sai ta ƙara da cewa, "Amma Tela ne zai yi mini. In ba shi ba, na fasa."

Na ce, "Maigida, ka yi mana! Wa zai kai ƙara?"

Ya ce, "Ba a naɗa ni ba."

"Rigar naɗin ma ba kai ke ɗinka musu ba?"

Ya ci gaba da taka kekensa. Haushi kamar ya kashe ni, ga tsoro, don Inna ta haura tamanin, kuma ba ta maimaita magana.

Ranar Asabar sabon fasto ya iso, matashi, wata biyu da naɗi. Ya durƙusa gaban Inna ya zuba bayani: wai tun zamanin masu gyaran ikilisiya aka yarda kowane mai bi firist ne, wato mai hidima a gaban Allah, naɗi ba fifiko ba ne, tsari ne kawai don kada kowa ya yi gaban kansa.

Inna ta kalle shi sama da ƙasa. "Ɗan nan, mutum nawa ka taɓa tsomawa a ruwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ke ce ta fari, Kaka."

"Tabɗi! A kaina za ka koya?"

Fasto ya juya wajen mijina. "Baba, gaskiya ina tsoron ta suɓuce mini. Doka ta ce ni zan furta kalmomin in ɗora hannu. Ba ta hana wani ya shiga ruwan ba."

Ranar Lahadi su uku suka shiga kwamin simintin da ke bayan majami'a. Fasto ya dafa goshinta, ya furta kalmomin. Mijina, wanda shekara goma sha tara aikinsa riƙe tawul a bakin kwami, ya tallafi bayanta, ya kwantar da ita, ya ɗago ta.

Inna ta fito tana tari. Ta ce wa fasto, "Ka yi ƙoƙari, ɗan nan." Sannan ta damƙe hannun mijina ta ƙi saki. "Na san ba za ka sake ni ba, Tela."

Ni aka bai wa tawul ɗin. Sai da na fara share nawa idon da shi.