Farin Bandejin Gwaggo Auduga

"Ci gaba da warwarewa mana, ba maciji ne a ciki ba," in ji Gwaggo Auduga.

Tela ta ci gaba. Tana durƙushe a gaban kujerar tsohuwar, ƙafar hagun na kan cinyarta, bandejin yana sauka zagaye bayan zagaye. Na waje fari tas. Na biye da shi fari-fari. Daga nan launin ya fara sauyawa, sai kuma warin ya iso, a hankali, cikin ladabi, kamar baƙon da ya daɗe a bakin ƙofa yana jiran a ce ya shigo.

"Kar ki yamutsa mini fuska. Yamutsa fuska ba ya warkar da komai."

Tela ba ta san ma ta yamutsa ba. Katanga ɗaya ce tsakanin shagon ɗinkinta da ɗakin nan, kuma tun da ta tare a layin take ganin tsohuwar. Gwaggo Auduga ta ƙare ƙuruciyarta tana aiki a ɗakin jinya na wata makarantar firamare, da ta yi ritaya kuma ta dawo gida da wani farin akwatin ƙarfe, layin gaba ɗaya ya koma ɗakin jinyarta. A cikin akwatin akwai auduga, filasta, ayodin, kwalbar sifirit, almakashi mai lanƙwasasshen baki, da ma'aunin zafin jiki da take kaɗawa kamar ya yi mata laifi. Idan ka gaishe ta, sai ta dubi farcenka kafin ta amsa. Ta yi wa mata wa'azin sabulu, ta yi wa maza wa'azin gidan sauro, ta koya wa kowace uwa haɗa ruwan gishiri da sukari ko uwar na so ko ba ta so. Ana tsoronta, ana kuma gudu wurinta da zarar jini ya fito.

Watanni ke nan mutanen layin suna ganin farin naɗi a ƙafarta, suna yabawa. Irin naɗin nan ne da ko a asibiti sai an dace, kowane zagaye ya hau rabin ɗan'uwansa daidai. Ba wanda ya tambayi abin da ke ƙarƙashi. Wa zai tsare Gwaggo Auduga ya tambaye ta ko tana kula da ciwo?

Ƙusa ce ta taka a tsakar gida. Ciwon sukari ya daɗe da kashe mata jin tafin ƙafa, don haka sai da ta ga jini a silifa ta san an yi wani abu. Yanzu yatsu biyu sun yi baƙi.

"Gwaggo, wannan ai na asibiti ne."

"Ni za ki gaya wa asibiti? Na san abin da za a yi. Ɗaya zai kalla, ya kira wani ya kalla, shi ma ya kira wani, sannan a ɗauko zarto. Da ƙafa biyu na zo, 'yar nan, da biyu zan koma."

"To ni me ya sa kika kira ni?"

"Idona ya daina gani sosai, bayana ya ƙi lanƙwasuwa. Ke kuwa kina da hannu. Sannan tela ce ke. Wadda ta iya duban mutum ido cikin ido ta ce gobe ya dawo saura maɓalli, alhali ko yadin ba ta yanka ba, ai riƙe baki ba zai gagare ta ba."

Tela ta yi dariya duk da warin.

"Ba dariya na ce ki yi ba. Alkawari za ki yi mini. Auta ba za ta ji ba."

Auta ita ce 'yar da ta rage mata, tana aikin ofis a wani gari mai nisa, tana bugo waya ana gaya mata komai lafiya. Tela ta dubi ƙafar, ta dubi fuskar. Fuskar ta fi ƙafar ban tsoro. Ta yi alkawarin.

Daga ranar, kullum idan rana ta fara karkata sai ta rufe kekenta da zane ta zagayo. Ta wanke hannu da sabulu a gaban tsohuwar, don wankin da Gwaggo ba ta gani ba, a wurinta ba a yi shi ba. Ta sa safar hannu. Ta wanke ciwon, ta shafa abin da aka ce ta shafa, ta naɗe. Ɗakin yana da labule shuɗi mai shara-shara, a wannan lokacin hasken kan ratso shi ya cika ɗakin, har Tela kan ji kamar su biyun suna zaune ne a ƙasan wani tafki marar motsi. Ƙamshin sifirit ya hau mata kai. Fankar sama ta juya a kasalance, tana motsa ƙananan gashin audugar da ke yawo a iska. Ƙarar titi takan iso daga nesa, kamar ta wani gari.

A irin wannan lokacin Gwaggo ke magana, ido a lumshe.

"Ni fa ban taɓa riƙe fuskar yaro ba. Gwiwa nake riƙewa. Ki kawo mini ƙaton mutum da gemunsa, ya ɗage wando, in gaya miki ajin da yake da bishiyar da ya faɗo. Jiya na gan su, sun cika ɗakin nan. Gwiwoyi kawai, a jere, kowace da ɗan jininta, suna jira. Ba mai kuka."

"Mafarki kika yi, Gwaggo."

"To da me? Ke kina ganin a farke za su yi layi?"

Jikinta ya fara zafi. Ma'aunin ya faɗa, ta ce ma'aunin ya tsufa.

Duk da haka masu ciwo ba su daina zuwa ba. Wata rana Kafinta na ƙarshen layi ya shigo da babban yatsa a dunƙule cikin tsumma, Gwaggo ta sa Tela ta wanke masa, ita tana ba da umarni daga kujera, tana masa faɗa kan tsumman.

"Da wannan ka share takalmi ko?"

"Wallahi Inna, shi na samu a kusa." Ya dubi farar ƙafarta da ke kan matashi, ya girgiza kai cikin sha'awa. "Kai, ku dubi aiki! Ai ciwon da ya samu wannan gata ba shi da dalilin zama."

"Ba shi da shi kam," in ji Gwaggo.

Tela ta sunkuyar da kai tana yanka filasta.

Abin da Gwaggo ba ta sani ba, ko ta sani ta yi shiru, shi ne allin. Tela mace ce da ba ta yarda da ido ba, sana'arta ta koya mata cewa ido yana faɗin abin da mai kaya ke son ji. Saboda haka ta zo da guntun allin da take zana yadi, kullum kafin ta naɗe sai ta ja ɗan siririn layi a ƙwaurin, daidai inda duhun fatar ya tsaya. Washegari sai ta tarar duhun ya tsallake layin ya zauna a gabansa, hankali kwance. Ta ja sabo. Layukan suka yi ta hawa.

Rannan wayar Gwaggo ta yi ƙara, Tela tana tsakiyar naɗi. Gwaggo ta gyara murya ta gaya wa Auta cewa lafiyarta lau, har ta fi ta lafiya. Sai ta miƙo wayar, idonta a kan Tela.

"Anti Tela, don Allah ke ki gaya mini gaskiya, yaya kike ganinta? Muryarta ta yi mini wani iri."

"Bakinta dai yana nan yadda kika bar shi," in ji Tela.

Auta ta yi dariya, hankalinta ya kwanta. Gwaggo ta gyaɗa kai irin na malamar da ɗalibarta ta ci jarrabawa. Tela kuwa ta koma shago ta ɗinke hannun rigar wani a bai-bai.

Ranar da allin ya kai ƙasan gwiwa, Gwaggo ba ta gane ta ba. Tana kwance cikin shuɗin hasken, leɓenta a bushe, ta miƙo hannu ta shafa kan Tela.

"Yi shiru, yarinya. Zai yi zafi kaɗan, sai ya wuce. Wa ya ture ki? Kar ki ji tsoro, ba zan gaya wa mamanki ba."

Tela ta ƙarasa naɗin, ta cire safar, ta wanke hannu duk da ba mai kallo. Ta fita titi. Rana ta dalle mata ido, masu babur suna wucewa, wata mata tana shanya. Ta tsaya a jikin katangarta ta kira Auta, ta gaya mata komai, har da allin.

Da hantsin washegari Auta ta iso a motar haya, idonta jawur. Zazzaɓin ya ɗan sauka, don haka Gwaggo tana cikin hankalinta lokacin da Kafinta ya sungume ta kamar jaririya. A bakin ƙofa ta ce ya tsaya. Ta nemi Tela da ido cikin mutanen da suka taru.

"Ashe ke ba cikakkiyar tela ba ce."

Ta kau da kai, aka sa ta a mota, Tela ta bi su har asibiti.

A can wani matashin likita ya warware bandejin ya kalla. Ya kira wani ya kalla. Shi ma ya kira wani. Gwaggo ta dubi silin da fuskar wadda aka ba gaskiya a lokacin da ba ta da amfani da ita. Babban cikinsu ya tambayi wanda ke yin naɗin, Tela ta ce ita ce.

"Ya yi kyau," ya ce. Ba yabo ba ne.

Suka ce dafin ya shiga jini. Za a sa mata ruwa da allurai, idan jikin ya ɗan tsaya, gobe a yi aiki, daga saman gwiwa. Auta ta sa hannu a takarda tana kuka, aka kuma tura ta karɓo magani a wani gini.

Tela ta zauna a gefen gadon. Ɗakin dogo ne, gadaje a jere, tagoginsa manya. Ruwan yana ɗiga cikin siririyar roba, ɗigo ya taru, ya yi tunani, ya faɗo. Ta daɗe tana kallonsa har ta fara jin kamar ɗakin ne ke tafiya a hankali, kamar jirgin ruwa.

"Yaushe suka ce?"

Ta zabura. Idon Gwaggo a buɗe yake.

"Gobe, Gwaggo."

"Gobe." Gefen bakinta ya motsa. "Su ma 'yan'uwanki ne, teloli."

"Gwaggo, ki yafe mini. Na kasa ne."

Tsohuwar ta miƙo hannu. Ta lalubo hannun Tela ta jawo shi kusa da idonta, tana juya shi yatsa bayan yatsa. A kan manuniya akwai inda allurar keke ta soke ta ranar da ta ɗinke hannun rigar nan a bai-bai, wurin ya ɗan kumbura.

"Dubi wannan. Babba da ke. Kin wanke?"

"Na wanke."

"Ƙarya kike. Ki sa masa ayodin, ki rufe. Kar ki raina ƙaramin ciwo."

"To, Gwaggo."

Ba ta saki hannun ba. Ta lumshe ido, numfashinta ya yi ta tsawo, yana tafiya nesa yana dawowa, yana tafiya nesa yana dawowa. Hasken taga ya taso daga ƙasa ya hau ƙafar gadon. Can, wani numfashi ya tafi, Tela ta jira shi.

Ma'aikaciyar jinya ta zo ta taɓa wuyan, ta taɓa hannun, ta rufe robar ruwan. Ta yi addu'a ƙasa-ƙasa, ta ja farin zanen gadon ta rufe tun daga kai, sannan ta tafi kiran likita. Auta ba ta dawo ba tukuna.

A ƙarshen gadon zanen ya tashi wuri biyu, 'yan tuddai ƙanana, kafaɗa da kafaɗa, rana ta kwanta a kansu. Gefen zanen ya ɗan karkace. Tela ta miƙe, ta kama bakinsa da hannu biyu, ta daidaita shi.